Kafin A Sa Wa Mota Rigar Leda

Duk wanda ya yi wayo a zamanin da manyan motoci masu bodin katako ke sintiri tsakanin Kano da Ikko, ya san mota ba ta fita titi tsirara. Kafin a ɗora mata buhun gyaɗa ko huhun goro na farko, sai an kai ta wurin mai zane, ya zauna da gwangwanayen fenti da burushi ya yi kwana da kwanaki yana ƙawata ta. A allon baya ya zana zaki ya danne barewa, ko mikiya ta buɗe fukafukai, ko masallaci mai hasumiya biyu da dabino a gefensa. A goshi kuwa ya rubuta abin da ke zuciyar mai motar, ko roƙon tsari, ko godiya, ko habaici ga wani maƙiyi da ba a ambaci sunansa ba. Fentin nan da jikin motar sun zama abu guda, tare su ke tsufa, in kuwa za a raba su sai da samfefa da gumi.

Yau zamani ya zo da wata dabara. Sai mutum ya ga farar bas da safe, bayan kwana uku ya gan ta ta koma ja ko koriya tun daga goshi har wutsiya, ga hoton kwalbar lemo kamar a miƙa hannu a ɗauka, alhali ko ɗigon fenti bai taɓa jikinta ba. Leda ce mai gam aka buga wa hoto a inji aka lulluɓe ta da ita. Masu sana'ar suna ce wa aikin rafin, in na talla ne kuma su ce birandin. Kamfanonin wayar salula da suka shigo ƙasar nan a 2001 suna cikin waɗanda suka saba wa idon jama'a da irin wannan ado, sa'an nan bankuna da kamfanonin taliya da na lemo suka bi sahu, 'yan siyasa kuma suka shigo da ƙarfinsu, har ya zama a zaɓukan 2015 da 2019 da 2023 da wuya a yi gangami ba a ga jerin bas-bas ɗauke da fuskar ɗan takara ba. Yanzu abin ya sauko har kan ƙaramin ɗan kasuwa mai mota ɗaya tal, da saurayin da ya gaji da launin motarsa. Su ne kuwa suka fi bukatar sanin abin da za su tarar, domin kamfani in aiki ya ɓaci sai ya sake wani, shi kuwa mai mota ɗaya jarinsa ne ya ajiye a ƙofar shago.

Akwai wani Bakano mazaunin Agege a Ikko, mai gidan burodi, da wannan sha'awa ta kama. Motarsa farar Toyota Hiace ce 'yar Kwatano, da ita ya ke raba burodi tun kafin assalatu, daga Agege zuwa Mile 12 da kewaye. Mahaifinsa direban babbar mota ne a zamaninsa, saboda haka ya tashi da ra'ayin cewa mota marar suna kamar yaron da ba a yanka wa rago ba ce. Ban da haka kuma akwai lissafi. Burodin Agege suna ne da kowa ke ci da shi, gidajen burodi a unguwar ba su ƙirguwa, wanda duk bai sa sunansa a idon mutane ba sai ya ɓace cikin taro. A zatonsa aikin bai wuce manna babbar sitika ba, a kai mota bayan azahar a karɓo ta kafin magariba. Ya kuma yi wani tunani a ransa, irin wanda kusan kowa ke yi. Ƙofar gefe da wata danfo ta taɓa goga, aka cike da fila aka fesa fenti, ga tsatsa ta fara tsirowa a gindinta, to, ai leda za ta rufa mata asiri, shi kuma ya huta da kuɗin fanal-bita.

Wuri biyu ya je. Na farko a bakin titi ya ke, ƙarƙashin rumfar kwano, kusa da masu walda. Nan aka yi masa kuɗi ba tare da an ko zagaya motar ba, aka ce ya kawo da safe ya ɗauka da yamma. Na biyu shago ne mai rufi da ƙofa, ƙasansa a share, wajen Shomolu, unguwar da aka sani da maɗaba'u. Mai shagon saurayi ne ɗan Ilori da ya girma a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Kuɗin da ya faɗa ya ninka na farko nesa ba kusa ba, kuma bai faɗa ba sai da ya bi jikin motar da tafin hannu a hankali, kamar mai tayin sa a kara. Da ya zo kan ƙofar nan sai ya tsaya, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya ji sautin ya mutu. Ya yanko guntun leda ya manna a gindin ƙofar, ya danna, ya fizge. Sai ga ɓawon fenti ya biyo ta.

Ya ce, "Alhaji, wannan ƙofar ba zan taɓa ta a haka ba. Ledar nan fenti ta ke kamawa. In fentin bai kama ƙarfe ba, ni da kai duk mun yi aikin banza."

"To, Oga, ai don ta rufe wurin na zo."

"Rufewa kam za ta rufe, ranka ya daɗe, amma ba za ta ɓoye ba."

Nan ne mafi yawan mutane ke yin tuntuɓe. Ledar da a ke buga wa hoto kaurinta wajen kashi 1 cikin 20 na milimita ne, watau ba ta fi silin gashi ba, kuma an yi ta ne musamman don ta bi duk lungu da saƙon da ke ƙarƙashinta. Halin da ya sa ta ke kwanciya luf a kan lanƙwasar bamba, shi ne ya sa ta ke kwanciya a kan lotsawa da ƙarzuwa da ƙurajen tsatsa, ta fito da su fili, in mai sheƙi ce ma har ta ƙara musu girma. Tsatsa kuma ba ta daina ci don an rufe ta. A gari mai laima da iskar gishiri irin Ikko sai ma ta samu ɗaki ta yi ta aikinta a ɓoye. Ga kuma wata matsala da ta shafi ƙasar nan ƙwarai. Motocin da ke kan tituna galibi na hannu ne, da yawa sun sha feshi sau ɗaya ko sau biyu kafin su iso hannun mai su. Fentin asali na kamfani gasa shi a ke yi da zafi, yana riƙe ƙarfe sosai, ya jure sa leda da cire ta. Wanda aka fesa a gareji rana ta busar kuwa, sai abin da hali ya yi. Ko da an yi shi da kyau, sai an ba shi wajen wata guda ya gama fitar da tururin sinadarinsa kafin a rufe shi, in ba haka ba ya yi ta kumbura ledar daga ciki.

Haka mai burodi ya koma da motarsa ba riga. Ya kai ta aka kankare ƙofar har ƙarfe, aka yanke inda ya ruɓe aka yi walda, aka sake fenti, ya shiga ƙirga kwana talatin yana ƙunƙuni. Abin da ya ƙara masa haushi, maƙwabcinsa mai sayar da ruwan leda ya kai tasa motar rumfar bakin titi, aka gama masa a yini guda, ta dawo koriya shar tana ɗaukar ido, yara suna bin ta da kallo.

Bambancin kuɗin nan, mai karatu, ba duka ne son riba ba. Ledar iri biyu ce, ko da ya ke duk daga robar PVC a ke yin su, irin wadda a ke yin bututun ruwa da ita, sai dai an sa mata sinadarin da ke tausasa ta. Ta farko kwaɓa ta a ke yi da kauri, a bi da ita tsakanin manyan ƙarafa masu juyawa suna matse ta suna jan ta har ta yi faɗi ta yi siriri, kamar yadda mata ke murza kwaɓin fulawa a injin taliya. Tun da ya ke da ƙarfi aka miƙar da ita, ba ta manta asalinta, da zarar ta ji zafin rana sai ta fara janyewa tana neman komawa yadda ta ke. Wannan ce mai arha, ita ce galibin abin da maɗaba'u ke kira SAV, kuma a kan allo shimfiɗaɗɗe ko gilashin shago ba ta da laifi. Ta biyu kuwa ruwa-ruwa a ke zuba ta, kamar ƙullun sinasir, a wuce da ita cikin zafi ta bushe a yadda ta kwanta. Ba wanda ya ja ta wajen yi, saboda haka ba ta cika janyewa ba, ita ce kuwa aka yi domin jikin mota. Kamfanonin da suka yi suna a kanta sun haɗa da 3M da Avery Dennison na Amurka, da Orafol na Jamus, da Hexis na Faransa. Sunan kamfani kaɗai ma bai isa ba, domin su ma suna yin mai arhar, lambar da ke jikin kwalin ita ce abin dubawa. Faɗin bandirinta galibi mita 1.52 ne, don a iya rufe bonet ko ƙofa da ƙyalle guda ba haɗi. Ƙaramar mota ta kan ci mita 15 zuwa 18, bas ta fi haka, kuma daga waje a ke shigo da ita da kuɗin waje. Wanda ya san wannan, in aka yi masa kuɗin da bai kai na ledar kanta ba, ya san abin da za a sa masa.

Abin sha'awa, direbobin tasi na Jamus suna cikin waɗanda suka fara raya wannan sana'a. A 1971 doka ta tilasta wa tasi a can launi guda, ruwan hauren giwa mai haske. Mai tasi in ya gama da mota ya zo sayarwa sai ta yi kwantai, don kowa ya gan ta ya san aikin da ta yi. Da leda ta samu sai suka koma sayen mota baƙa ko ruwan azurfa, su sa mata rigar da doka ta ce, ranar sayarwa su tuɓe ta, fenti ya fito sabo fil. Watau tun farko babban amfanin abin shi ne a iya cire shi. Masu tasi na Abuja da aka ɗora wa kore, da masu danfo na Ikko da aka ɗora wa rawaya, za su gane wannan lissafi, sai dai jikin danfo, in za a faɗi gaskiya, da wuya leda ta samu wurin kamawa.

Watan jiran bai tafi a banza ba, don cikinsa aka yi rigimar zane. Mai burodi ya so a sa komai: sunan gidan, da hoton burodi iri huɗu, da lambar waya uku, da adireshi, da kalmar da ke goshin motar mahaifinsa. Yaron da ke kan kwamfuta ya zuba su duka, a allo suka yi kyau. Mai shago ne ya nuna musu cewa sunan gidan ya faɗo a bayan ƙofa mai zamewa, wadda in an buɗe ta, a buɗe kuwa ta ke yini wajen sauke kaya, sai ta rufe rabinsa, mariƙin ƙofa kuma ya faɗo tsakiyar hoton burodi. A nan tsofaffin masu burushi sun yi wa yaran kwamfuta fintinkau. Sun san mai karanta mota a tsaye ya ke ita tana gudu, kalma biyu ko uku manya su ne iyakar abin da zai ɗauka. Sai kuma haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutun da ke cikin kwamfutocin maɗaba'u ba su da ƙ da ɗ da ɓ, in ba a sa ido ba sai haƙuri ya fito hakuri, ko a ga ɗan akwati a gurbin harafin, kuma ba a gyara leda bayan an buga. Launin allo ma daban ya ke da na inji, shi ya sa mai hankali kan ce a buga masa ɗan yanki ya fita da shi rana ya duba. Bayan bugu a kan bar ledar kwana ɗaya ko biyu tawada ta sha iska, kana a shimfiɗa mata wata leda garai-garai a sama don kare ta daga rana da gogayya. Aikin yini guda ba shi da lokacin wannan jira, sau da yawa ma ba shi da ledar saman.

Ranar da aka karɓi motar, mai burodi ya zauna a benci yana jiran ya ga an warware leda. Har la'asar ba a taɓa bandirin ba. Wanka aka yi mata da sabulu marar maiƙo, aka kwance madubai da mariƙan ƙofa da fitilu da lamba da tambarin kamfani, sa'an nan yara biyu suka bi kowane gefe da kowace tsaga da tsumma da sifirit. Abin da su ke farauta shi ne man sheƙi da masu wankin mota ke shafawa, da hayaƙin titi da ya daskare, domin gam ba ya shiri da maiƙo ko kaɗan. Aka bar ta ta kwana don ruwan da ya ɓuya cikin robobin gilashi ya fita. A tsohuwar mota wannan kwance-kwance ya kan karya 'yan maƙallan roba, saboda haka gara a yi magana tun farko a kan wanda zai biya, a kuma ɗauki hoton motar ta kowace fuska kafin a miƙa makulli.

Kashegari aka rufe ƙofar shago aka kashe fanka. Ledar da aka ɓare wa takarda tana jan ƙura kamar maganaɗisu, ƙwayar yashi guda in ta shiga ƙarƙashi ta zauna ke nan, a riƙa ganin ta kamar ƙurji. Zafi ma abokin gaba ne a wannan mataki. An fi son ɗaki mai digiri 20 zuwa 25, don a kan ƙarfen da rana ta gasa gam cafkewa ya ke yi nan take, ledar kuma ta saki jiki kamar cingam. Wanda zai yi wannan aiki a fili a Kano ko Sakkwato cikin ƙurar hunturu, ko cikin zafin Afrilu, lalle ya shirya ganin abin mamaki. Mutum biyu suka riƙe ƙyallen ta gefe-gefe suka miƙe shi kamar masu shimfiɗa zanen gado, na uku ya bi da ɗan allon roba mai laushin baki yana dannawa daga tsakiya zuwa gefe, layi bisa layi. Gam ɗin ledar kirki ba ya kamawa sai an danna, kuma a jikinsa akwai 'yan ƙananan hanyoyi da iska ke bi ta fita, saboda haka in an karkace ana iya ɗagawa a gyara.

Inda gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne kusurwoyi da 'yan kwaruruka da a ke yi wa ƙarfen mota, jikin Hiace kuwa cike ya ke da su. Ɗan koyo ya kan ɗame leda ta haye kan kwari kamar fatar ganga, ya hura mata zafi ya tura ta ciki da yatsa. Nan take ta yi kyau, amma ya ja ta fiye da kima, launi ya koɗe, gam ya yi siriri. Gwani kuwa cusa ta ya ke yi cikin kwarin tun tana sake, ya bar jan ga fili mai faɗi. Bayan an gama, duk inda aka ja sai an koma an gasa shi da na'urar hura zafi har ya kai digiri 90 zuwa 100, ana aunawa, domin ko ledar kirki in hannu ya ja ta tana son komawa, sai zafin nan ne ke sa ta saduda ta karɓi sabuwar siffa. Wannan mataki ba ya barin alamar da mai mota zai gani ran karɓa, shi ya sa shi ne farkon abin da mai gaggawa ke tsallakewa. Haka zancen aska. Mai yanka leda a kan jikin mota in hannunsa ya yi nauyi kaɗan sai ya tsaga fenti, tsagar ta ɓuya a ƙarƙashi, sai bayan shekaru a gan ta ta zama layin tsatsa. Akwai wani tef mai zare a ciki da a ke shimfiɗawa kafin leda, a ja zaren ya yanka ta daga ƙasa ba tare da ƙarfe ya taɓa fenti ba. Tambaya ɗaya game da tef ɗin nan ta kan nuna wa mutum irin shagon da ya shiga.

Kwana uku aikin ya ci, kwana ukun da mai burodi ya yi hayar wata mota, kuɗin da bai sa a lissafinsa na farko ba. Mai shago ya fito da ita rana ya ce ya duba. Ya buɗe ƙofa ya ga cikin dokin ƙofar fari ne yadda ya ke, ya ɗaure fuska. Aka gaya masa haka a ke yi, leda kan naɗe ta shiga ciki kaɗan ta tsaya, mai son a bi har ciki sai a cire ƙofofi, kuɗi kuma ya ƙaru. Ya ga haɗi a gefe inda ƙyalle biyu suka gamu, wannan ma ba laifi ba ne a doguwar mota, muddin na gaba ne ya hau kan na baya, yadda iska da ruwa ba za su samu bakin shiga ba. Rufin kuwa da gangan aka bar shi bisa shawarar mai shago, ba mai ganinsa sai masu hawa gadar ƙafa, kuma shi rana ke fara ci. Abin da ba a yafewa shi ne bakin da ya ɗaga, da yamutsewa a kusurwa, da wurin da launi ya yi fari don ja. Aka ce kada ruwan wanki ya taɓa ta sai bayan 'yan kwanaki, ya kuma dawo da ita bayan mako a sake bin gefunan.

Motar mai ruwan leda kuwa ba ta ga ƙarshen damina da mutuncinta ba. Kwarurukan gefe suka ɗago suka fashe, bakin ledar ya janye ya bar baƙin layin gam da ƙura ta manne wa, koren ya soma dusashewa. Amma a yi adalci, leda mai arha tana da ranarta. Ɗan takarar da ke son fuskarsa ta yi wata uku a titi, ko mai tallan da zai ƙare da salla, ɓarna ce ya sayi mai tsada. Mai ƙaramin ƙarfi kuma yana da hanya ta uku da ba a cika gaya masa ba, watau ya bar motarsa da fentinta, a yanka masa suna da lamba kawai a manna a inda jiki ya ke shimfiɗe. Cutar tana wurin wanda ya sayar da rigar wata uku da sunan ta shekara biyar.

Saura hukuma, wadda mai burodi bai tuna da ita ba sai da mai shago ya tambaye shi ko ya yi mata tanadi. Launin mota a rubuce ya ke a takardunta, kuma ɗan sanda ko jami'in VIO ko na Hukumar Kiyaye Haɗurra da ya ga takarda ta ce fara, ido ya ce ja, ba lalle ya tsaya sauraron bayanin cewa leda ce ba. Wanda ya sauya launi gaba ɗaya sai ya je ofishin lasin a gyara takarda. Mota mai ɗauke da talla kuma allon talla ce a idon gwamnati. A Ikko hukumar LASAA, wadda aka kafa a 2006, tana karɓar kuɗin izini a kanta, a Abuja akwai sashen DOAS, ƙananan hukumomi ma ba a bar su a baya ba, kamar yadda duk direban da ya taɓa ratsa jihohi uku da motar kamfani zai ba da labari. Samari masu sha'awar kore marar sheƙi irin na soja su sani tun 1977 akwai dokar da ta hana farar hula hawa mota mai launin sojan ƙasa. Ledar nan mai ƙananan huji da a ke sa wa gilashin baya ita ma ta kan jawo tambaya a shinge, don daga waje ba a ganin ciki.

Shekara biyar zuwa bakwai da a ke ji a bakin masu talla, lissafin ƙasashe masu sanyi ne, kuma na gefen mota ne da ke tsaye. Kamfanonin da kansu sun raba duniya shiyya-shiyya, suna rage wa'adin garantinsu a ƙasashe masu zafin rana, su ƙara ragewa ga bonet da rufi da but, waɗanda ke kallon sama. Motar da ke yini a fili a Maiduguri ba za ta ga shekarun da 'yar'uwarta mai zama a rumfa za ta gani ba. Ja da rawaya su ke fara gudu daga tawada, shi ya sa fuskokin 'yan takarar da aka manta a jikin bas-bas ke komawa shuɗi-shuɗi kamar marasa lafiya. Inuwar bishiya ma da sharaɗi, don kashin tsuntsu da na jemage da ƙaro suna cin leda in sun daɗe a kai. Sai yaran wanki, da burushi mai tauri da omo, da injin feshi da su ke kafa wa bakin leda kai tsaye. Tsumma mai laushi da ruwa mai yawa sun isa, a fara kwarara ruwa ƙura ta sauka kafin a goga, fetur in ya zuba a bakin tanki a share shi nan da nan.

Ranar tuɓewa ma tana cikin cinikin, ko da ya ke ba mai tuna ta ran sawa. Ledar kirki in an cire ta kan lokaci, da ɗan ɗumi ta ke ɓarewa ƙyalle-ƙyalle, ta bar fenti yadda ta same shi, har ya fi na wuraren da ba a rufe ba haske. In aka bar ta ta wuce wa'adi sai ta ƙone ta tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara, ta riƙa fitowa guntu-guntu kamar ƙumba, gam ɗin ya zauna a jikin mota, har ladan cirewa ya nemi kamo na sawa. Alamar lokaci ya yi ita ce wuraren da ke kallon sama su fara dusashewa suna yin ruwan ƙasa. Saboda wannan mai shagon Shomolu ya rubuta wa mai burodi kwanan wata da sunan ledar da lambarta a bayan rasit, ya kuma ajiye zanen a kwamfuta, domin motar da ke bin titin Ikko kullum ba ta rasa mai goga ta, kuma ƙofa ɗaya a ke sake bugawa ba motar duka ba. Ya dai gargaɗe shi cewa sabuwar ƙofar za ta fi sauran jikin haske, gwargwadon watannin da rana ta riga ta ci.